Ciki da falo, yara uku, kuma an hana ni buga ƙusa a bango: ina zan kai kayan nan?

Maman Sadik, Herwagana

Assalamu alaikum. Don Allah 'yan uwa shawara nake nema, ku yi haƙuri da dogon surutu, abin ya daɗe yana cina.

Haya muke a Herwagana nan cikin Gombe, ciki da falo, sai ɗan kicin a tsakar gida wanda in na shiga da tukunya sai dai in fito da baya. Tun 2016 muke gidan. Da aka kawo ni mu biyu ne, yanzu mu biyar, in an yi hutu kuma ƙanwar Baban Sadik ta zo daga Kumo mu zama shida. Mutane na ƙaruwa, kaya na ƙaruwa, ɗaki yana nan yadda magini ya bar shi.

A ciki akwai gado, da sif mai ƙofa uku wadda ƙofar tsakiya ta ɓalle tun bara na jingine ta gefe. Akwatunan lefe huɗu ne a samanta, har suna taɓa silin. Bayan ƙofa gana-mas-go huɗu a kan juna, shi ya sa ƙofar rabi take buɗuwa, sai mutum ya karkace zai shiga. A falo ga kujeru, ga kabet ɗin jere, ga kwalla shida da Dada ta haɗo ni da su, na jera su a kusurwa na lulluɓe da leshi. Bayan doguwar kujera buhun masara ɗaya da rabin buhun wake da Baban Sadik ya ɗauko daga Tudun Hatsi da kaka. Takalma kuwa a bakin ƙofa kamar na masallacin Juma'a.

Abin da ya tunzura ni na yi rubutun nan, ranar Litinin makaranta suka ce a kawo takardar haihuwar Hanifa. Na sauke jakunkunan nan ɗaya bayan ɗaya na zazzage a kan gado, tun bayan asuba har yara suka makara. Takarda dai sai a cikin kwalla ta can ƙasa na same ta, tare da katin awona da kashin kyankyaso. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na tarar a jakar ƙasa. Atamfofina uku na lefe da ban taɓa ɗinkawa ba, ina ta tattali wai sai bikin ƙanwata, duk sun yi fumfuna, baƙi-baƙi kamar an yayyafa musu tawada. Danshin watan Agusta ne ya taso ta siminti ya shige su. Na zauna bakin gado na sha kukana na ƙoshi.

Mai gidan da muke haya dattijo ne mai kirki, ba ya matsa mana a kan kuɗi, amma tun ranar farko ya ce kar a kuskura a buga ƙusa a bangonsa, domin wanda ya tashi kafin mu ya bar masa filasta duk a farfashe. Na kira wani kafinta ya auna min kabad mai tsayuwa da ƙafarta, kuɗin da ya yanka ya kusa hayarmu ta rabin shekara. Baban Sadik malamin firamare ne, ni kuma zoɓo da kunun aya nake ƙullawa. Kun dai gane.

Abin da nake da shi a hannu: jarkokin man girki masu ruwan ɗorawa guda biyar, babu komai ciki, bokitin fenti biyu, kwalayen taliya da yawa, da guntun falanki da ya rage da aka gyara rumfa. Guduma ba baƙuwata ba ce, mu mata ne zalla a gidanmu, ni nake taya Baba gyaran danga. Me zan iya haɗawa da hannuna wanda zai ɗauke kayan nan daga ƙasa, ba tare da na taɓa bangon mutane ba? Sannan waken nan na fara ganin ƙwari na yawo a bakin buhun.

Kafintan Pantami

Wa alaikumus salam Maman Sadik. Sana'ata ce, amma ba zan ce ki kawo aiki ba, domin abin da kike bukata bai kai a kira kafinta ba.

Ki manta da bango tukuna. Bulo da falanki za su yi miki kanta ba ƙusa ko ɗaya. A je Kasuwar Katako a sayo falanki mai faɗin inci 12, tsawonsa ƙafa 12 yake zuwa, a ce su yanka shi uku a wurin, kowane ƙafa 4. Kin samu hawa uku ke nan. Sai bulo mai inci 6, guda tara sun isa. Ki kwantar da uku a ƙasa, ɗaya a kowane gefe ɗaya a tsakiya, ki ɗora falanki, ki sake jera uku daidai saman na ƙasan, ki ɗora na biyu, haka har na uku. Na tsakiyan nan mutane ke rainawa, alhali shi ne ke hana falanki yin ciki idan ya sha nauyi. Bulon kuma kwantar da shi za ki yi a kan tsawonsa, kar ki tsayar da shi tsaye don neman tazara, tunda akwai yara a ɗakin. Hawa uku ya isa, kar a yi kwaɗayin na huɗu. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Ki bar tazarar yatsu huɗu tsakanin kantar da bango don iska ta riƙa wucewa, danshin da ya ci miki atamfa ba ta siminti kaɗai yake zuwa ba, bango ma yana gumi da damina. Ramukan bulon su ma ma'aji ne, man shafawa, burushi, tocila, duk suna shiga. In ba kya son ganin bulo tsirara a falo, ki naɗe kowane da takardar buhun siminti ko tsohon zane.

Wajen sayen katako a kula sosai. A ɗaga a ji nauyinsa. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu, kuma shi ake yi wa mutum araha, ya kai gida ya bushe ya murɗe kamar kifin banda. A duba ta gefe da ido ɗaya a ga ko a miƙe yake. In an ga ƙananan huji da gari-gari na zuba, ƙwaro ya riga ya shiga, a bar musu abinsu. A goge da samfefa saboda sartse, in da hali a shafa fenti ko da hannu ɗaya ne. Allon nan na garin katako da ake kira MDF yana da kyan gani, amma kar ki sa shi kusa da ƙasa, ruwan mofa kaɗai ya ishe shi kumbura. Baƙin mai da ake shafa wa katakon rufi saboda gara shi ma ba na cikin ɗaki ba ne, zai ɓata miki tufafi da wari.

Ƙofa ba bango ba ce. Ki kai wa mai walda guntun ƙarfe mai faɗi marar kauri ya lanƙwasa miki ƙugiyoyi uku ko huɗu, kansu ya hau saman ƙofa, ƙasansu ya lanƙwaso waje. A auna kaurin ƙofar kafin a je, don ta riƙa rufuwa. Jakunkunan makaranta da hijabai sun samu wuri.

Ƙofar sif ɗin da ta ɓalle kuma kar ki yar. Ki tura ta ƙarƙashin gado a kan guntayen katako biyu, ta zama dandamalin da za ki ɗora akwati, ba zai taɓa siminti ba.

In wata rana dattijon ya sassauta, abin da ya fasa masa filasta ƙusar kankare ce da guduma. Injin huda bango da fisha, 'yar robar nan da ake cusawa a ramin don ta riƙe sukuru, ba sa yin wannan ɓarnar, ramin bai wuce kaurin fensir ba, ranar tashi a toshe da ɗan siminti. Sai dai ko da izini, ba a huda daidai saman soket ko makunnin wuta, ko daidai ƙasansu, nan bututun waya yake bi.

Goggon Yara, Nasarawa Jahun, Bauchi

Jikata ce ke rubuta min, ni nake faɗa mata.

'Yar nan, rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kwalla shida gare ki, kin lulluɓe su da leshi kamar amare, zannuwanki kuma suna ƙasa a cikin leda? To uwarki da ta saya miki su, ce miki ta yi na kallo ne? Mu da aka yi mana aure ba mu san wata sif ba. Adaka ɗaya ce, sai kwalla. Zannuwan fita a kwalla, kayan ƙamshi a kwalla, har 'yan kuɗin adashe. Murfinta in ya zauna ɓera ba ya shiga, kyankyaso ma sai in ke kika bar ta a karkace, ƙurar hunturu kuwa sai dai ta kwanta a bayanta ki goge. Ki wanke su, ki kife a rana su bushe ƙarau, ki shimfiɗa tsohon ɗankwali a ciki, ki nannaɗe zannuwa kamar tabarma ki jera a tsaye. In kin buɗe duk kina ganin kansu, ba sai kin tono na ƙasa ba. Ɗaya kuma ki ware ta takardu ce kawai, a cikin leda mai kauri, kowa a gidan ya san ta.

Kicin ɗinki na tsakar gida na san ba silin. Ba katakon rufi a sama? Ki ɗaura ragaya. 'Yan yanzu ba ku san ta ba, igiya ce ake tufkawa ta sauko ƙafa uku ko huɗu a ƙulle ƙasan, a zaunar da ƙwarya ko kwano a ciki. A nan muke ajiye nono da sauran tuwo, kyanwa na kallo ba yadda za ta yi. Ki yi guda uku, ta kayan miya, ta busasshen kifi da daddawa, ta ludaya da maburgi. In ɓera na bin igiyar, ki huda murfin gwangwani ki zura a tsakiyarta, in ya zo nan sai ya zame.

Sai maganar da ba za ki so ba. Jakunkuna huɗun nan, na rantse biyu kayan da yara suka fi ƙarfinsu ne. Kina ajiye wa wa? Ki fitar da na jariri kaɗan masu kyau saboda gaba, sauran ki duba maƙwabta da 'yan uwa na ƙauye. Tufa in ba a jiki take ba, abincin asu ce.

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba kowace shekara a fitar da komai a shanya, wuni guda. Mu har busasshen ganyen darbejiya muke sawa a tsakanin kaya. Ki kuma jefa kafur biyu-uku a kowace kwalla da cikin kayan yaran. Atamfar da ta yi fumfuna ki gwada jiƙa wurin da ruwan lemun tsami ki shanya, wani yana fita wani ba ya fita, in ya ƙi tela ya san yadda zai kauce masa wajen yanka.

Alhaji Mai Wake, Tudun Hatsi

Hajiya, kar ki yanka jarkokin nan duka, uku daga ciki rumbu ne.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar. Abin da ke kashe shi ba tare da magani ba shi ne rashin iska. Ki wanke jarkar da ruwan zafi da omo har maiƙon ya fita, ki kife ta kwana biyu, kar ɗigon ruwa ya rage. Waken ki baza shi a rana a kan baƙar leda ko tabarma tun hantsi har la'asar, ki tankaɗe ƙwarin, ki tsince wanda ya huje. Ki ciza ɗaya, in ya fashe ƙas to ya bushe, in haƙori ya nutse a sake shanyawa. Ki bari ya huce, sannan ki ɗura. Kina ɗurawa kina jijjiga jarkar har ya cika zuwa wuya, domin duk wurin da kika bari iska ce kika bar wa ƙwaro. Ki sa leda a baki ki murɗa murfin da ƙarfi. Jarka mai lita 25 tana cin kusan kilo 20. Kar a buɗe sai an yi kamar wata biyu, saboda haka ki ware na ci a wani ƙaramin mazubi tun yanzu. Wadda aka riga aka buɗe a fara cinye ta.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshi ba ta shiga wannan aikin, ko an wanke ta sau goma.

Masarar kuma akwai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, kowane ana ɗaure bakinsa daban. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi, tun asali ma saboda wake, kuma dabarar ɗaya ce da ta jarka. Ana samu wurin masu kayan noma. A ɗora shi a kan katako, kar ya jingina da bango, a kiyaye shi daga ɓera don huji ɗaya ya ɓata aikin. Ƙwayar maganin nan da wasu ke jefawa cikin buhu, ina roƙonki kar ta shigo ɗakin da ake kwana. Iskar da take fitarwa guba ce, ta sito ce ba ta falo ba.

Ɗan Bolari

Ni dai shawarata ki ɗauki hoton kabet ɗin da kwanukan ki sa a Facebook, kafin magariba an saye, ku ƙara kuɗi ku kama mai ɗaki biyu a Tumfure.

Adda Nas, Federal Low-cost

Ɗan Bolari, da gani ba ka taɓa biyan haya ba, kuma ba ka san abin da kwanon uwa yake a wurin mace ba.

Goggo, a gafarce ni, duk maganarki na karɓa ban da kafur a kayan yara. Aikin jinya nake, ɓangaren jarirai. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, ya fi yawa ga maza, kuma iyaye ba sa sani sai abu ya faru. Irin waɗannan, kafur ɗin da ya kama tufafi yana iya farfasa musu jini, jariri ya yi shawara mai tsanani, ido da jiki su yi ɗorawa. Ga shi fari, zagayayye, mai rarrafe gani zai yi alewa ce. A bar shi daga kayan jariri da zanen goyo gaba ɗaya. Ganyen darbejiya da shanya a rana sun wadatar.

Maman Sadik, tunda gyara za ki yi, ki haɗa da wannan: magunguna, ashana, reza da kananzir su hau can saman sif, ba kan sabuwar kanta ba, don hawa uku tsani ne a wurin yaro. Kananzir kuma kar a zuba shi a robar lemo, mun sha karɓar yaran da suka kwankwaɗa suna zaton abin sha ne. Bokitan fenti in za ki tara ruwa a ciki su kasance da murfi kullum, yaro mai koyon tsayuwa yana leƙawa ya kifa da ka, kuma ba ya iya fitowa.

Goggon Yara, Nasarawa Jahun, Bauchi

To, mu dai mun sa, Allah ya tsare. Amma tunda masu asibiti sun faɗa, a cire. Na ce wa jikata ta kwashe na cikin kayan ɗanta ma.

Maman Sadik, Herwagana

Na dawo da rahoto bayan sati biyu. Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Ɗan Bolari da ya ba ni dariya.

Kanta ta tsaya a falo inda buhuna suke da. Bulon a Keke Napep aka kawo, na naɗe su da wani tsohon labule. Hawa na ƙasa jarkokin wake biyu ba su shiga ba saboda tsayi, sai na tsayar da su a gefe a kan guntun falankin rumfa. Rabin buhun bai cika ta ukun ba, Alhaji, sai na bar wannan na ci. Sauran jarkoki biyu na yanke musu gefe ɗaya da wuƙar da na ɗora a wuta, na bar hannun don ja, na goge bakin da samfefa. Ɗaya ta takalman Sadik, ɗaya ta Hanifa, kowa na rubuta sunansa. Na ƙone a babban yatsa, kuma warin robar sai da ya sa ni tari, duk mai yi ya yi a waje. Kwalayen taliya ban yi amfani da su ba, da na ɗaga na ƙasan na ga gidan kyankyasai ne, na ƙone su.

Goggo, kin yi gaskiya, har kin rage. Jaka biyu da rabi ne kayan da ba mai sawa. Na aika Kumo da su. Ƙofar ɗaki yanzu tana buɗuwa har bango, jiya Baban Sadik ya shigo a karkace don sabo, muka yi ta dariya. Kwalla huɗu sun cika da zannuwa, ɗaya takardu, ɗaya na bar ta da leshinta saboda in Dada ta zo ta ga ban tozarta ta ba. Ragaya biyu na ɗaura, maƙwabciyata 'yar Dukku ce ta koya min tufkar.

Wani abu kuma da ban zata ba. A ƙasan jaka ta uku, cikin safar jariri, na tsinci ɗan kunnena na gwal ƙwaya ɗaya da ya ɓata shekara uku. Ban taɓa furtawa ba, amma a zuciyata ƙanwar Baban Sadik na zarga, har na rage sakar mata fuska. Na kira ta na nemi gafara, ta ce ita ba ta ma san ana yi ba. Kunya kamar in nutse.

Saura matsala biyu. Ta farko kwalin Baban Sadik: matattun caja, rediyo biyu da ba sa magana, da takardun jarrabawar ɗalibai tun na 2018. Ya ce duk wanda ya taɓa ba shi ba zaman lafiya. Na tura shi ƙarƙashin gado a kan ƙofar sif, na zuba ido.

Ta biyu, Malam Kafinta, araha ba ta ado. Na faɗa wa mutumin nan ya ɗaga katako ya ji nauyi, ya dawo yana murna an rage masa kuɗi. Yanzu falankin sama ya fara ɗaga gefe ɗaya, in na ɗora kofi sai ya yi rawa. In cire shi ne, ko akwai dabara?

Kafintan Pantami

Kar ki cire. Ki juya shi, doron ya kalli sama, ki ɗora masa kwalla biyu masu nauyi daidai kan doron, ki bar shi haka har hunturu ya gama busar da shi. In iska ta ɗauke bai kwanta ba, ki sauko da shi hawan ƙasa ya riƙa ɗaukar takalma, na ƙasan ya hau sama.